Kawuna Mai Allurar Shanu

Kwana biyu da rufe Kawu na iso Illela. Ban samu jana'iza ba, ban sa kafaɗata a makara ba. Abin da na tarar tabarmi ne shimfiɗe tun daga ƙofar gida har gindin darbejiyar masallaci, da takalma jibge, da mutanen da rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na sha faɗa wa wasu cewa daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Ranar nan ce na ji nauyin maganar a bakina.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata uku suna cikin gida tare da Inna mahaifiyata, don haka Baba ne, mijin ƙanwarsa kuma abokinsa tun ƙuruciya, yake zaune a tsakiya yana karɓar gaisuwa. Na durƙusa gabansa. Ya dafa kaina ya ce, "Ka iso? Sai haƙuri."

Na koma gefe ina kallon masu zuwa. Ga 'yan kasuwar kara, ga mahauta, ga waɗanda suka tsallako daga Ƙonni. Amma mafi yawa Fulani ne daga Araba da Garu da rugagen da ke bayansu, sun jera sandunansu jikin katanga. Wata tsohuwa mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a bakin zaure, ta yi ta magana da Fulatanci tana kuka, ba wanda ya hana ta. Wani kuma ya ce shi bai yarda ba sai da ya zo ya ga babur ɗin Kawu a jingine, ƙura ta hau sirdin.

Can wani dattijo dogo, Arɗon wata ruga ta wajen Garu, ya ƙura mini ido ya ce, "Kai na mai kiwo cikin tanki?"

Na ce ni ne.

"Kawunka ya cika muna kunne da kai. Matso in ba ka labari."

Shekara talatin da wani abu Kawu ya yi yana yi wa shanu allurar rigakafi. Ma'aikacin dabbobi ne na ƙaramar hukuma, bai yi dogon karatu ba, amma babu rugar da bai san hanyarta ba. Kayan aikinsa babur, da sirinji, da wata shuɗiyar kula da yake cikawa da ƙanƙara ya jera kwalaben magani a ciki. Duk inda ya tsaya, kafin ya gaisa da kowa, sai ya nema wa kular nan inuwa. Mutane har tsokanarsa suke yi, wai kula ce uwargidansa. Shi kuwa sai ya ce, "Maganin ga rai gare shi. In ya ji zahi mutuwa shikai, kuma ba shi hwaɗa maka ya mutu."

Labarin da Arɗo ya ba ni na wata shekara ne da ciwon huhu ya shigo garke. An sa rana, Fulani suka tara shanu tun da hantsi, ba su kai su kiwo ba, ba su kai su ruwa ba. Babur ɗin Kawu ya lalace a hanya, ya turo shi cikin rana, bai iso ba sai bayan azahar. Da ya buɗe kula ya sa hannu, ƙanƙara ta narke, ruwan har ya yi ɗumi.

"Sai yac ce ba shi yi," in ji Arɗo. "Nic ce mi? Mun hana shanu ci tun sahe ka ce ba ka yi? Wallahi na zage shi, zagin da ban taɓa yi ma babba ba. Yat tsaya shina saurare har nig gama. Sannan yac ce, Arɗo, in na soka musu wanga ruwa ba wanda za shi sani, kai ka yi murna, ni in tahi gida. Amma ran da ciwo yaz zo ka ce rigakahi ƙarya na, kuma ba ka sake kawo shanunka." Kawu ya haƙa rami a gabansu ya zuba kwalaben ya rufe. A ofis aka rubuta masa takardar gargaɗi saboda asarar magani. Bayan kwana huɗu ya dawo da sabo, tun rana ba ta yi zafi ba.

Arɗo ya share ido da bakin rawaninsa. "Tun ran nan ban sake musu da shi ba."

Ni ban taɓa jin labarin nan ba. Kawu ba ya ba da labarin da shi ne gwarzo a ciki. Labaransa duk na yadda sa ya tunkuɗe shi cikin kwata ne, ko yadda ya ɓace a daji ya ɓulla wani gari cikin Nijar ana tambayarsa takarda da Faransanci.

Abin da ya haɗa ni da shi fiye da sauran 'ya'yan ƙanwarsa karatu ne. Na gama digiri na farko a injiniyancin sinadarai, na yi bautar ƙasa, na dawo gida babu aiki. Na zauna a shagon Baba na buhunan hatsi da wake kusa da bakin boda. Lokacin kasuwa ta yi sanyi saboda an rufe iyaka, kuma idon Baba ya fara rauni, yana bukatar wanda zai tsaya masa. Cikin haka wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin digiri na biyu da tallafin karatu, a fannin da ake koyon sarrafa ƙwayoyin halitta su samar da magani a masana'anta.

Baba ya ce a'a. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Karatun da kay yi na fari mi yab ba ka? Yanzu kuma ka tahi wani wanda ko sunanshi ban iya hwaɗi."

Na tafi wurin Kawu da la'asar. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Na fara yi masa bayani da manyan kalmomi, ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Injiniya. Hwaɗa mani kamar ni Bahillace na."

Sai na ce masa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin yis ɗin da ke tayar da burodi. Masana suna iya sauya su ta yadda jikinsu zai riƙa fitar da wani magani. Aikin da zan koya shi ne yadda ake zuba su a babban tankin ƙarfe mai tsabta, a ba su suga da iska da ɗumin da suke so, su hayayyafa, su fitar da maganin, sannan a tace shi har ya zama abin da za a iya sa wa mutum a jiki. Na ce yin sa a ƙaramar kwalba ba wuya, wahalar ita ce a yi shi da yawa kuma kullum ya fito iri ɗaya.

Ya ajiye rediyon. "Ka ba su ci, ka ba su iska, ka tsare su daga ciwo, ka tatse su. To ai kiwo na. Makiyayi za ka zama, sai dai shanunka ba a ganin su." Ya yi dariya har da tari. Sannan ya tambaye ni ko irin wannan hanyar ake bi a yi maganin da yake ɗauka a kula. Na ce da yawa daga cikinsu haka ne. Ya ce allurar da yake yi wa kansa fa? Don Kawu ya daɗe da ciwon suga, kullum sai ya soka wa kansa insulin, kuma da yake wuta ba ta tsayawa, kwalbar a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa yake ajiye ta, an binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi a bayan randa. Na ce ita ma yawanci a tanki ake yin ta.

Sai ya ce, "Shekara talatin ina ɗaukar abu bisa babur, ban taɓa ganin wanda yay yi shi ba. Tahi ka gani."

Washegari suka yi faɗa da Baba, faɗan da ban taɓa ganin sun yi ba. Daga tsakar gida muna jin muryar Baba yana cewa, "Kai ba ka da shago, ba ka san mi nika ji ba. Ɗana na, ba naka ba." Kalmar nan ta ƙarshe ta yi nauyi ga mutumin da bai haifi namiji ba. Kawu ya ɗauki hularsa ya fita. Inna ta yi kuka, don ɗaya miji ɗaya wa. Mako biyu ba su gaisa ba, ko a masallaci kowa da sahunsa.

Ranar kasuwa ta uku, mun buɗe shago ke nan sai ga Kawu da kujerarsa ɗaure a bayan babur. Ya sauke ta, ya dasa a bakin shago, ya zauna. Baba ya dube shi.

"Mi kaz zo yi?"

"Aiki niz zo nema. An ce yaron shagon ga za shi tahi karatu."

"Kai da ba ka san mudu ba?"

"Ka koya mani. Ni ma na koya ma shanunka tsayawa a yi musu allura."

Baba ya juya baya don kada a ga yana murmushi. Ba a sake tayar da maganar ba. Haka Kawu, mutumin da ya haura saba'in, da ciwonsa, ya zauna a gurbina shekara biyu. An ce bai taɓa iya awo daidai ba, kullum sai ya yi wa mai saye tozo, amma Fulanin da suka san shi suka bar shagunan da suka saba suka dawo namu.

A can kuwa karatu ya yi mini nauyi da farko. Abokan karatuna da yawa sun taɓa aiki da tankunan nan tun a digirin farko, ni a hoto kawai na san su. Na koyi yadda ake dafa tanki da tururi kafin a zuba komai, yadda ake auna tsami da iska, yadda kumfa ke tasowa in an cika juyawa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai Kawu ya kira. Tambayarsa ɗaya ce: "Ya garke?" In na ce sun ƙi ci, sai ya ce in duba ko na cika musu abinci. Abin mamaki, sau da yawa hakan ne. Yis in suga ya yi masa yawa lalacewa yake.

Saɓaninmu da shi ya zo ne a shekara ta biyu, lokacin aikin binciken kammalawa. Ana bukatar in gudanar da tanki sau biyar, kowane zagaye kusan mako biyu. Huɗu suka fito da kyau. A ɗaya kuwa, ana saura kwana biyu in tatsa, ruwan ya sauya kala ya fara wari. Wasu baƙin ƙwayoyi sun shiga sun cinye abincin. Lokaci ya ƙure mini. Wani abokina ya ce in rubuta huɗun kawai, in yi kamar na biyar bai taɓa faruwa ba, ai ba ƙarya na ƙara ba. Na ji shawarar ta kwanta mini.

Da Juma'a ta zo na faɗa wa Kawu, da sigar abin dariya ma.

Ya ce, "Malamarka ta sani?"

Na ce ba sai ta sani ba.

"To ta ina ɓarawon yash shiga?"

Na ce ban sani ba, kuma ba ni da lokacin nema.

"Ba ka san ta inda yash shiga ba, kuma za ka rubuta ma mutane hanyar ga lahiya take? Gobe wani shi bi takardarka shi yi maganin da za ni soka ma cikina?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, wannan ba allurar shanu ba ce. Ba za ka gane yadda abin yake ba."

Sai ya kashe waya. Bai taɓa kashe mini waya ba. Na kira da yamma bai ɗauka ba. Na kira washegari, matarsa ta ɗauka ta ce yana nan zaune, ya ce a gaya mini yana lafiya.

Ran Litinin na je ofishin malamar da ke duba aikina na faɗa mata komai, har da abin da na yi niyya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce mu je mu ga tankin. Kwana uku muna kwance shi gaɓa gaɓa. Ashe wata 'yar roba ce a bakin famfon da ake ɗibar samfur ta tsage, tsagar da sai ka lanƙwasa ta za ka gani, kuma yawan dafawa da tururi ne ya gajiyar da ita. Aka duba sauran tankunan ɗakin, aka samu biyu da irin matsalar suna jiran ranarsu. An ƙara mini wata biyu, na sake zagayen, kuma labarin robar nan ya zama babi guda a kundina. A ranar kare aikin, a kansa aka fi yi mini tambayoyi, kuma shi ne ya sa wani kamfanin magani na can ya ba ni gurbin horo na shekara biyu a masana'antarsu.

Da na kira Kawu na ba shi haƙuri, bai bari na gama ba. Ya ce, "Roba? Duk wanga tashin hankali roba ta? Ka aiko mani hotonta." Na aika. An ce ya yi mako yana nuna wa mutane a shago.

Na zo hutu kafin in fara horon, na tarar ya rame. Wani ɗan ciwo a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ya daina zuwa shago, ƙanena da ya gama sakandare ya karɓi wurin. Na zauna da shi a zaure na ce na fasa komawa. Zan nemi koyarwa a Sakkwato in riƙa zuwa duba shi. A zatona zai ji daɗi.

Ya ce, "Ka taɓa gudanar da babban tanki, irin na masana'anta, kai kaɗai?"

Na ce tukuna.

"To mi za ka koya ma ɗiyan mutane? Hoto, kamar yadda anka koya maka?" Ya gyara zaman ƙafar. "Ji nan. Ni ba ni son ka zauna can. Amma ba ni son ka dawo rabin gwani. Ƙasar ga za ta yi maganinta, ko ina raye ko ba ni. Ran da anka tashi yi, za a nemi wanda hannunshi ya san aikin, ba mai takarda ba. Ka tahi ka iya, sannan ka komo. Ƙahwata kuwa akwai likita, kuma kai ba likita ba ne."

Na ce, "In wani abu ya faru ba na nan fa?"

"Za shi hwaru. Sai ka yi mani addu'a daga inda kake. Tana isowa."

Ya faɗi haka yana ɓare gyaɗa, kamar mai maganar farashin taki. Wannan ne zamanmu na ƙarshe. Wata takwas da komawata, ciwon ƙafar ya shiga jini, aka kai shi asibiti a Sakkwato, ya kwana uku ya cika da safiyar Laraba. Ina cikin fararen kayan aiki, na rufe kai da baki, aka yi mini alama ta gilashi cewa ana nemana a waya.

Kawu ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, ya sha shan shayi da suga a ɓoye, kuma in ya yi fushi shiru yake yi har sai ka gwammace ya zage ka. Amma ban san wani mutum da ya riƙi ƙaramin aiki da girma kamar shi ba, kuma ba na son jikokinsa su tashi su san shi a matsayin hoto a bango kawai. Shi ya sa na rubuta wannan.

Bayan addu'ar bakwai na fara jan ƙafa. Hutun da aka ba ni ya kusa ƙarewa, amma na ga Inna ta yi sanyi, na ga Baba ya tsufa a cikin mako guda. Na shirya maganar da zan yi masa, cewa zan rubuta wa kamfanin in ajiye horon. Na san shi bai taɓa son tafiyar ba, na ɗauka zai karɓa hannu biyu.

Ran Lahadi, kasuwa na tsakiyar ci, na same shi a shago. Kafin in buɗe baki ya ce, "Yaushe jirginka?"

Na ce jibi, amma dama ina son mu yi magana.

"Ɗauko jakarka."

Ya miƙe ya ce wa ƙanena ya kula da shago. Baba bai taɓa barin shago ranar kasuwa ba, ko da zazzaɓi. Ya riƙe hannuna saboda idonsa, muka ratsa buhunan albasa da masu canjin sefa, kuɗin Nijar, har tasha. Shi ya zaɓar mini mota, ya tambayi direba ko tayoyinsa na da kyau. Da na shiga na zauna, ya sunkuyo ta taga.

"Na gaya ma Kawunka magana wadda ba ta kamata ba, a kanka. Bai taɓa tuna mani ba." Ya gyara hula. "In ka kai ka kira ni. Ka hwaɗa mani abin da kaka yi can. Ba ni ganewa, amma ka hwaɗa."

Mota ta tashi. Na waiwaya na gan shi tsaye cikin jama'a yana ɗaga hannu wajen wata motar da ba tamu ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Mu da ya bari, Allah Ya ba mu ikon gama abin da muka fara.